Yaran Goonies Sun Cika Shekara 40: Wa Ke Riƙe Wa Tsohon Fim Numfashi?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari sautin ba. Yau ma tarihi za mu taɓa, amma ta ƙofar silima za mu shiga.

A watan Yunin 2025 na je Ingila wani horo na matasa na 'yan makonni. Wata Asabar da yamma wani abokin zamana, ɗan garin, ya ce in shirya zai kai ni kallo. Na ɗauka irin manyan gidajen siliman nan ne na cikin kantunan zamani. Sai ga mu a wani tsohon gini a lungu, allo ɗaya tal, kujerun sun ji jiki, wata dattijuwa ce ke sayar da tikiti da gugguru, kuma daga baya na ji aikin sa-kai take yi, ba a biyanta ko sisi. Irin gidan nan ne da ba ya bin sababbin fina-finan kasuwa. Yau a haska na Iran, gobe na Japan, jibi wani tsohon baƙi-da-fari da kakanninsu suka kalla.

A ranar The Goonies za a haska, fim ɗin yara na Amurka, don ya cika shekara 40 da fitowa. Kafin a kashe fitila wani mutum ya miƙe a gaban allo ya ce duk wanda ya kalli fim ɗin a silima a 1985 ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, kawuna duk furfura, kusan kowa da yaro ko jika a gefensa. Aka yi dariya, aka yi tafi. Sai mutumin ya sauke murya ya ce a taimaka a yanki katin zama mamba kafin a fita, don kuɗin hayar ginin ya ƙaru, kuma ba su san yadda baɗi za ta kasance ba.

Wallahi maganar nan ta fi fim ɗin tsaya mini a rai. Labarin da muka zauna kallo na yaran da ake shirin raba su da gidajensu ne, ga shi gidan da ke haska mana shi ma yana tsoron a tashe shi. Tun daga nan na shiga bin diddigin abu biyu: daga ina fim ɗin ya fito, kuma su wa suka ƙirƙiro al'adar sake haska tsohon fim.

Bari mu fara da fim ɗin, don na san da yawa cikinmu ba su gan shi ba.

The Goonies ya fito ranar 7 ga Yuni, 1985. Steven Spielberg ne ya kawo labarin, Chris Columbus ya rubuta shi, Richard Donner ya ba da umarni, wato daraktan da ya yi Superman na 1978. Labarin wasu yara ne a garin Astoria da ke jihar Oregon, a gaɓar tekun yammacin Amurka. Iyayensu sun kasa biyan bashin gidaje, masu kuɗi kuma sun ƙyalla ido a kan unguwar suna so a rushe ta a yi filin wasan golf. Saura kwana ɗaya a sa hannu a takarda, sai yaran suka hau ɗakin tarkace na saman rufin gidan su Mikey, suka tsinci tsohuwar taswira ta dukiyar wani ɗan fashin teku mai ido ɗaya da ake kira Willy. Suka hau kekuna suka bi taswirar. Hanyar ta bi da su ta ƙarƙashin wani tsohon gidan abinci inda wata uwa 'yar daba da 'ya'yanta, iyalan Fratelli, suke ɓuya bayan ɗayansu ya tsere daga gidan yari. Daga nan sai kogo, sai tarkuna, sai ƙwarangwal, har suka iske jirgin ruwan Willy maƙare da zinariya. A ƙarshe jirgin ya kuɓuce musu, amma mai aikin gidan su Mikey ta tsinci duwatsu masu daraja a 'yar jakar wasansa. Uban ya yayyaga takardar, unguwa ta tsira.

Idan ka ji labarin haka za ka ce tatsuniya ce kawai. Amma tsoron da ke cikinsa ba ƙirƙira ba ne. A farkon shekarun 1980 Amurka ta shiga matsin tattalin arziƙi mai tsanani. Kuɗin ruwan da bankuna ke ɗorawa ya haura kashi 20 cikin 100, rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982, manoma da ma'aikatan masana'antu da yawa suka rasa gonaki da gidaje a hannun banki. Yaran da suka shiga silima a 1985 sun san ma'anar a ji uwa da uba suna ƙus-ƙus da dare a kan wasiƙar banki.

Shi kansa garin Astoria ya san wannan ciwo. An kafa shi a 1811 a bakin kogin Columbia, da sunan attajirin fatu John Jacob Astor, kuma shi ne mazaunin Amurkawa mafi daɗewa a yammacin tsaunukan Rocky. Shekaru da yawa kifi da katako ne suka riƙe shi. Masana'antun sa kifi a gwangwani sun jeru a bakin kogi, sannan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har kamfanin Bumble Bee ya rufe tasa a 1980. Da 'yan fim suka iso da kyamarori a ƙarshen 1984, garin da arziƙinsa ke zurarewa suka tarar. Ruwan sama da hazon da ake gani a fim ɗin na garin ne, haka ma tsofaffin gidajen katakon da ke kan tudu.

Jirgin kuwa a Burbank aka ƙera shi, a ɗakin ɗaukar fim na kamfanin Warner Bros., cikakken jirgi da filafilansa. Donner ya hana yaran ganinsa sai ranar ɗauka, don yana son mamakin da zai bayyana a fuskarsu ya zama na gaske. Da aka gama aiki aka rasa mai karɓar jirgin, sai aka farfasa shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: a lokacin babu wanda ya ga abin adanawa a wurin.

Fim ɗin ya ci kimanin dala miliyan 19, ya kuma dawo da sama da miliyan 60 a Amurka a shekarar. Ya yi kasuwa, amma Back to the Future da ya fito bayansa da wata ɗaya ya fi shi nesa ba kusa ba. Abin da ya mayar da The Goonies na kowa shi ne kaset ɗin bidiyo da talabijin, inda yara suka riƙa maimaita shi har suka haddace. A 2017 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi a rajistar fina-finan da ƙasar za ta adana saboda darajarsu.

To yanzu mu koma kan gidan da ya haska mana shi.

A farkon zamanin silima, fim kamar burodi ake ɗaukarsa, na yau ne kawai. Idan ya gama zagaye sai a jefa shi a sito, wani lokaci a narkar da shi don a cire sinadarin azurfar da ke jikinsa. Ledar fim ta wancan lokaci kuma tana kama wuta kamar fetur, sitoci da yawa sun ƙone ƙurmus. Binciken da ɗakin karatun majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka na zamanin da fim ba ya magana sun ɓace gaba ɗaya. Wannan fa a ƙasar da ta fi kowa kuɗin fim ke nan.

Waɗanda suka fara cewa a'a, fim ma abin adanawa ne kamar littafi, ba manyan kamfanoni ba ne. 'Yan tsirarun masu sha'awa ne. A Landan an kafa ƙungiyar masu kallon fim a 1925 don haska abin da manyan gidaje suka ƙi ɗauka. A Faris ƙananan gidaje irin su Studio 28 suka buɗe a ƙarshen shekarun 1920. A 1936 wani saurayi, Henri Langlois, da abokansa suka kafa Cinémathèque Française, suna tsintar tsofaffin fina-finai duk inda suka ji labarinsu. Lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faransa, ɓoye su ya riƙa yi don kar a lalata. Hujjarsa ita ce fim ɗin da ba a haskawa daidai yake da matacce, don haka bai tsaya ga ajiya ba, kullum majiginsa a kunne. A ɗakinsa su François Truffaut da Jean-Luc Godard suka koyi fim tun suna samari. Da gwamnatin Faransa ta tsige shi a Fabrairun 1968, ɗalibai da daraktoci suka fito titi, 'yan sanda suka dake su, daraktocin ƙasashen waje suka ce za su janye fina-finansu. Cikin Afrilu aka mayar da shi kujerarsa. Ka ji zanga-zanga a kan ɗakin kallo, kuma ta yi nasara.

A Amurka ƙofar ta buɗe ne ta kotu. A 1948 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira ta Paramount, wadda ta tilasta wa manyan kamfanonin fim su rabu da jerin gidajen silimar da suka mallaka. Da can mai yin fim shi ne mai gidan haskawa, ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ta cewa. Bayan hukuncin, ga kuma talabijin ta fara janye jama'a zuwa falo, sai ƙananan gidaje suka nemi abin da talabijin ba ta da shi: fina-finan Italiya, Faransa, Japan, da tsofaffin na gida. Gidan Brattle da ke kusa da jami'ar Harvard ya fara wannan a 1953. Su ne suka riƙa haska fina-finan Humphrey Bogart a lokacin jarrabawa, ɗalibai suna cika ɗaki suna amsa maganganun Casablanca da baki ɗaya. Wannan al'ada ta taimaka ƙwarai wajen ɗaga fim ɗin 1942 zuwa matsayin da yake a yau. Abin da na gani a Ingila, mutane suna rigan jarumi faɗin maganarsa, jikan wancan ne.

Ga inda abin yake da ban mamaki. Kaset ɗin bidiyon da ya raya The Goonies shi ne ya kashe gidajen nan da yawa. Da mutum zai jira wata da watanni kafin a sake haska fim ɗin da yake so. Da shagunan hayar kaset suka cika unguwanni a shekarun 1980, wa zai fita cikin sanyi? Gidaje suka yi ta rufewa. Waɗanda suka rage suka sake shan wani bugu wajen 2012 da 2013, lokacin da kamfanoni suka fara daina buga fim a leda. Dole kowane gida ya sayi majigin dijital na dubban daloli masu yawa ko ya rufe, wasu sai da jama'ar gari suka yi musu karo-karo. Sai manhajojin kallo a waya suka zo, sai korona ta kulle ƙofofi a 2020. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, suna rayuwa da kuɗin mambobi da gumin 'yan sa-kai. Brattle ɗin ma haka ya koma tun 2001.

Shi ya sa za ka ga gidan da ya saba haska fina-finan masana ya sa fim ɗin yara na Hollywood ranar Asabar. Daren The Goonies ɗaya da ɗaki ya cika yana ɗauke nauyin dararen da mutum goma sha biyu ne suka zo kallon fim ɗin Senegal. Kuma yaron da kakarsa ta kawo yau, shi ake fatan zai dawo da ƙafarsa in ya kai shekara ashirin. Da na faɗa wa abokina haka a hanyar komawa, dariya ya yi ya ce shi ma ta haka aka kama shi.

Barazanar kuwa ba a ƙananan garuruwa kaɗai take ba. A tsakiyar Landan, kusa da dandalin Leicester, akwai gidan Prince Charles, wanda tun 1991 ya shahara da tsofaffin fina-finai. A Janairun 2025 masu gudanar da shi suka fito fili suka ce sabon sharaɗin hayar da mai ginin ke nema zai ba shi damar tashinsu da gajeren wa'adi. Cikin 'yan kwanaki sama da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke. Bayan 'yan watanni ƙaramar hukumar Westminster ta sa ginin cikin jerin kadarori masu amfani ga al'umma. Wannan matsayi bai ƙwace wa mai gini ikonsa ba, amma ya ba jama'a damar neman saye idan aka tashi sayarwa, ya kuma nuna cewa akwai idanu a kan wurin.

A nan ne na rabu da fim ɗin, duk da na ji daɗinsa. A cikin labari, jakar duwatsu ce ta ceci unguwa, iyaye kuma suna tsaye ba su da abin yi sai sa hannu. Babu taron unguwa, babu lauya, babu wanda ya tambayi dalilin da filin golf zai fi gidajen mutane. Idan da Mikey bai zuba duwatsun a jaka ba, shi ke nan. A zahiri kuwa, daga Langlois zuwa Prince Charles, ban ga wurin da sa'a ta ceta ba. Mutane ne suka fito, suka sa hannu, suka yanki kati, suka share ɗaki kyauta.

Akwai kuma abubuwan da shekara 40 ta tona. Yadda ake tsokanar Chunk saboda ƙiba, yadda Mouth ke tsorata mai aikin gida da fassarar ƙarya don ba ta jin Turanci, yadda aka ɗaure Sloth da sarƙa saboda halittarsa, a ɗakin na ji dariyar wasu wuraren ta ragu. Wata uwa a gabana ta sunkuya tana yi wa ɗanta bayani a kunne. Wannan ma amfanin kallo tare ne, kana jin inda jama'a suka canza.

Labarin Ke Huy Quan, wanda ya fito a Data mai ƙere-ƙere, ya isa misali. An haife shi a Saigon, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Hong Kong, ya isa Amurka a 1979. Yana yaro ya yi Indiana Jones a 1984, ya yi The Goonies a 1985. Da ya girma sai ya tarar babu rawar kirki da ake ba masu irin fuskarsa, ya koma bayan kyamara kusan shekara ashirin. A Maris 2023 ya ɗauki kyautar Oscar da fim ɗin Everything Everywhere All at Once. Lauyan da ya shirya masa yarjejeniyar aikin shi ne Jeff Cohen, wato Chunk, wanda ya bar wasa ya karanta lauya. Sauran ma kun san su: Josh Brolin, yayan Mikey a fim, shi ne Thanos, Sean Astin kuma shi ne Sam na The Lord of the Rings. Donner ya rasu a 2021 yana da shekara 91.

Astoria kuwa ta riƙe fim ɗin da hannu biyu. Tsohon gidan yarin da aka ɗauki farkon fim ɗin a ciki ya zama gidan tarihin fina-finan Oregon a 2010, 7 ga Yuni ta zama ranar Goonies a garin, baƙi na zuwa daga ko'ina. Har abin ya yi yawa: a 2015 sai da aka lulluɓe gidan su Mikey da tamfol saboda masu zuwa ɗaukar hoto sun hana mazauna sakat. Garin da kifi ya gudu ya bari, ga shi wani ɓangare na abincinsa yana fitowa daga tunawa da wani fim. Jirgin da aka farfasa a 1985, da yana nan, da layi ake yi a kansa.

To mu fa? Ba zan ja maganar da ƙarfi ba, amma akwai inda ta taɓa mu kai tsaye. Kano ta san silima tun da aka buɗe Rex a 1937, sannan su Palace, Plaza, Orion, El Dorado da Marhaba suka biyo baya. Yau matashi zai ce zai je Wapa canjin kuɗi bai san sunan daga gidan silima ya samo asali ba. Akwai dalilan tarbiyya da suka sa iyayenmu suka guji wuraren nan, kuma ba yau za mu yi wannan muhawarar ba. Tambayata ita ce fina-finan kansu, ina suke?

Ku ɗauki Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi ma labarin yaro ne da ƙaddara ta raba da gida, aka ratsa hamada da shi a zamanin cinikin bayi, mahaifiyarsa ta bi sawu tana nemansa. Shekaru da yawa ana ɗauka fim ɗin ya ɓace. A 2016 aka gano shi a rumbun ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wa ya gyara shi? Cibiyar Arsenal ta Berlin, wadda ita ma daga irin ƙungiyoyin masu haska fim ɗin da kasuwa ta manta ta taso. A 2018 aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin, Turawa suna karanta fassarar Hausa a ƙasan allo. Ni da na yi digiri a ƙasar nan, na karanta littafin a sakandare, a intanet na fara jin cewa akwai fim ɗin.

Taswirarmu ke nan a ɗakin tarkace, wasu suka hau suka ɗauko mana. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Fina-finan Hausa na farkon zamanin bidiyo, na shekarun 1990, a kan kaset suke, kaset kuma zafi da ƙura da damina suna cinye shi a hankali. Wanda yake da su a kwali a gida, ya sani cewa ba za su jira shi har abada ba.

A 2026 Shaihu Umar ke cika shekara 50. Ba sai mun gina silima ba. Ɗakin taro na makaranta ya isa, da majigi, da izinin masu haƙƙin fim ɗin, da wani dattijo da ya kalle shi a wancan lokaci ya miƙe kafin a kashe fitila ya ce wa ya gan shi a da. Ina so in ga hannuwa nawa za su tashi, tun masu hannuwan suna nan.

Ku rubuto mana a ƙasa: wane fim ne kuka kalla kuna yara da kuke so ƙannenku su gani a babban allo, kuma wa kuka sani da har yanzu yake ajiye da tsofaffin kaset? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.